Kwalayen Satumba

Ku sababbin yaran shago, na ji abin da ɗayanku ya faɗa a bakin ƙofa, wai sana'ar gem, na'urorin wasan nan, ba sana'a ba ce, ka sayo tsoho a Japan ka sayar wa ɗan Kano, khalas, shi ke nan. Ban ji haushi ba. Ni ma da wannan tunanin na sauka Dubai a shekarar 2016, furfura ta fara fito mini a gemu, na gaji da gyaran waya a Kano, ina ganin wanda ya iya buɗe cikin waya ba abin da zai gagare shi. Ku matso daga bakin hanya, masu turo kaya ba sa kallon gabansu.

Aikina na farko a wurin Alhaji Mudi, mai wannan shagon na Al Sabkha a lokacin, shi ne gwada wani gem ɗin talabijin da ya fito daga kwali fes kamar sabo. Na ɗauki wayar wutarsa zan cusa a bango, sai na ji an doke mini hannu. Alhaji ne, dattijo siriri wanda ba ya ɗaga murya.

"Malam Sabi'u, wutar Japan ba wutarmu ba ce," in ji shi. "Tasu rabin tamu ce. Ka karanta bayan caja kafin ka ba ta abin da zai kashe ta."

Ya miƙo mini tiransifoma mai nauyi kamar dutsen niƙa. Da na kunna, rubutu ya fito wanda ko harafi ɗaya ban gane ba. Na danna maɓallin da kowa ya sani na shiga, sai ya fitar da ni. A gem ɗin Japan maɓallin da'ira ne na shiga, mai kuros na fita, akasin namu. Alhaji bai iya karanta Japananci ba, amma ya haddace wuraren: ka sauka layi kaza, ka shiga, ka sauka kuma, ga inda ake sauya harshe. Da yatsa ya koya mini, kamar yadda makaho ya san lungun unguwarsu.

Kayan aikin ba su da yawa, ga su nan a kan tebur. Sukudireba mai baki uku, don gem ɗin hannu ba ya buɗuwa da irin na kasuwa. Tsohon burushin haƙori. Auduga da sifirit. Mita ta gwada batir, ƙarfen narka dalma, da ɗan famfon roba na hure ƙura. Kowace na'ura sai an buɗe ta, a share, a gwada maɓallanta ɗaya bayan ɗaya, a caja ta a bar ta a kunne a ga ƙarfin batir. Na ƙarshe shi ne gogewa: duk abin da tsohon mai ita ya bari a ciki, suna ne, hoto ne, wasan da ya tsaya a rabi ne, a share shi tas. Alhaji yana da doka a nan. "Ka goge, kada ka leƙa. Ba gidanka ba ne."

Abin da ya fi ɗaukar ni lokaci ba gyaran ba ne, sanin shekarar mutanen Japan ne. Ban taɓa taka ƙasar ba har yau, amma na san lokacin da suke da kuɗi da lokacin da suke tashi daga gida, don duk yana zuwa mana a kwali. Wakilinmu a Osaka wani ɗan Pakistan ne, Nadim, mai turo tsofaffin motoci, matarsa 'yar ƙasar ce. Shi ke bi mana shagunan gwanjo ya haɗa kaya ya saka a kwantena.

A Disamba kamfanoninsu ke yi wa ma'aikata ƙari a kan albashi, sannan a farkon Janairu manya su ba yara kuɗi a ambulan, kamar dai barka da sallarmu. Nan ne babbar kakar sayen sabo, layi har titi. Wanda ya sayi sabo kuwa sai ya kai tsohon shagon gwanjo. To wannan tsohon shi ke iso mana wajen Maris, da sitika ta 'yan yara a jiki, maɓallan sun sha hannu. A Maris shekarar makaranta ke ƙarewa a can, ɗalibai su kwashe kaya, ma'aikata a sauya musu gari, ɗakunansu kuwa ƙanana ne, ba mai jan babban gem zuwa sabon gida. Kwalayen da ke zuwa bayan wannan cike suke da na talabijin, masu tsabta, da wayoyinsu a naɗe. Akwai ɗan hutun mako a farkon Mayu, akwai wani ƙarin albashin a tsakiyar zafi da hutun yara, kowanne da irin abin da yake zubo mana. Alhaji in ya yanka kwali ya leƙa, kafin ya taɓa komai zai ce, "Wannan na ɗalibai ne," ko "Wannan kuɗin ambulan ne ya kore shi."

Ribar sana'ar tana cikin bambancin da ke tsakaninsu da mu. Mutumin Japan na hannu yake so. Rabin rayuwarsa a jirgin ƙasa yake, gidansa ba wurin tara jama'a, sai ya sa abinsa a aljihu ya yi wasa shi kaɗai, kunne a toshe. Namu kuwa na talabijin suke nema, mai hannu biyu, a kafa a gidan gem, samari su cika benci suna buga ƙwallo suna ihu har maƙwabta su kawo ƙara. Abin da can ya yi kwantai, nan ake rububinsa. Na hannun kuma sai gab da sallah, iyaye masu hali su saya wa yara. Wanda bai haɗa kalandar Japan da ta azumi a kansa ba, zai cika sito da kaya a watan da ba mai tambaya. A 2017 da aka fito da wani sabo mai yin aiki biyu, a hannu da a talabijin, har ƙuri'a ake jefawa a shagunan can kafin a sayar wa mutum. Alhaji da ya ji haka bai nemi sabon ba. Ya ce wa Nadim ya kwashe mana tsofaffin na hannu, don yanzu kowa zai zubar da nasa. Haka kuwa aka yi.

A ƙarshen wannan shekarar na fara buɗe kwalin Satumba. Muna kiransu haka ne don a watan ake loda su, su iso mana bayan wasu makonni. Nadim yana ba da su da araha ƙwarai, kuma ba su dace da kowace kaka da na haddace ba. Ba a sayen sabo a lokacin, ba a tashi daga gida. Da na yanka salatif, wani wari ya taso, ba mai ƙarfi ba, kamar na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, da ɗan zaƙi-zaƙi a ƙarƙashinsa, an bi shi da maganin feshi amma bai mutu ba. Kusan duk na hannu ne, tsofaffin yayi. Ba sitika, ba tabon faɗuwa. Wasannin da ke ciki ba na faɗa ba ne ko tsere, na lissafi ne da na haɗa kalmomi da wani irin dararsu. A jakar wata na sami tabaran karatu. A wata, ƙwayoyin magani a ɗan leda. Wata an ɗaura mata igiya doguwa irin ta rataya a wuya.

Na ɗago da tabaran na ce, "Alhaji, wannan fa wace kaka ce?"

Ya dube ni, ya tashi ya buɗe taga, ya ce in sa safar hannu. Nadim ne ya gaya mini daga baya a waya, yana magana kamar mai ba da labarin farashin taya. A can akwai tsofaffi da yawa da ke zaune su kaɗai. Zafin Agusta yana da tsanani, wasu ba sa kunna na'urar sanyaya ɗaki. Wani sai ya mutu a ɗaki ya kwana biyu, wani ya fi haka, kafin maƙwabta su lura ba a ɗauki jaridar bakin ƙofa ba. Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, su shiga su kwashe gidan kaf, abin da zai sayu su sayar a dunƙule. "Bayan sanyin Fabrairu ma ana samu," in ji shi, "amma na zafi ya fi yawa."

Daga ranar na fahimci me ya sa Alhaji ke barin waɗannan kwalayen sai ƙarshe, kuma ba ya cin abinci a ranar da muka yi aikinsu sai ya yi wanka. Na tambayi wani malami a masallacin layinmu hukuncin cinikin. Ya ce in magada ne suka sallama kayan, ba laifi. Muka ci gaba. A share, a goge, kada a leƙa.

A 2019 gwiwa ta matsa wa Alhaji, ya koma Kano ya bar mini shagon da siton da ke hawa na uku na wannan benen. Kwalayen Satumban wannan shekarar da suka iso, na ture su kusurwa na jibga wasu a kai. Kasuwa na tafiya, ban ga dalilin buɗe su ba.

Sai korona ta zo. Ku da kuka zo bayanta ba za ku gane yadda unguwar nan ta Deira ta koma ba. Wannan layin da ba ka iya miƙe hannu saboda masu baro da 'yan kago masu aika kaya gida, ya zama kana jin kukan tantabara daga ƙarshensa. An rufe unguwar Naif da kewayenta, an tsayar da kwale-kwalen abra masu fito da mutane, an tsayar da jirage. A Japan kuwa kowa ya zauna a gida, duk kalandar da na haddace ta rushe a wata ɗaya. Ba Disamba ba, ba hutu ba, amma sun saye sabo sun saye tsoho, shagunan gwanjo sun koma wayam. Nadim har tambayata ya yi ko zan mayar masa da abin da ke hannuna. A Kano ma yara na gida ba makaranta, iyaye na ta kira suna neman na hannu. Da aka sassauta kulle na buɗe shago, na duba sito, ba abin da ya rage mini sai kwalayen kusurwa. Ga lasisin shago na gab da ƙarewa, bizata kuma a jikinsa take.

Na sa safar hannu da takunkumi na buɗe su. Zafin sito ya kumbura batiran wasu, na ware. Sauran na share su, na jera a kan dogon tebur, na haɗa da caja, na bar su a buɗe suna haske don gwaji. Gogewa sai batir ya ci jarrabawa, don haka ban goge ko ɗaya ba. Na kulle ƙofa na sauko.

Bayan la'asar mai gadin benen, wani ɗan Bangaladash da muke gaisawa shekara da shekaru, ya tare ni a matakala. Bai amsa sallamata ba.

"Akwai mace a sitonka," ya ce.

Na yi dariya. Bai yi ba. Ya ce yana shara a hawa na uku ya ji ta tana magana a hankali, kamar mai lallashin wani. Ya ƙwanƙwasa, ta yi shiru. A lokacin ɓoye mutum a sito ba ƙaramin laifi ba ne, ga dokar cuta ga ta biza. Na ja shi muka hau, na buɗe. Ba kowa sai fuskokin na'urori suna haske a jere cikin ɗaki mai duhu, da wannan warin. Ya leƙa bayan kwalaye, ya leƙa bayan ƙofa, ya fita da baya da baya.

Washegari ya sake jin ta, a daidai wannan lokacin, tsakanin azahar da la'asar. Wannan karon ya kira mai shagon jakunkuna na ƙasa, shi ma ya ji. Ya ce in ban fitar da ita ba zai gaya wa mai benen, mai benen kuma 'yan sanda zai kira.

A shagon a ranar akwai Hajiya Bilki. Tsohuwar kwastomar Alhaji ce, 'yar kasuwa daga Kano mai sarin kayan yara, ta zo sayayyar sallah aka rufe jirage da ita. Wata da watanni tana wani ƙaramin otal a Naif, in ɗakin ya ishe ta sai ta zo ta zauna a kujerar nan ta yi ta jan carbi. Ta ji duk abin da mai gadi ya faɗa.

"Malam Sabi'u, gobe da ni za a hau," ta ce. "In mace ce ai gara a samu mace a wurin."

Muka hau bayan azahar, ni da ita da mai gadi, wanda ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shigowa. Na kashe fanka don mu ji da kyau. Benen shiru, titi shiru, rana tsaka amma ko hon ɗin mota babu. Muka zauna muna kallon tebur. Har na fara cewa mu sauka, sai aka yi wani ɗan ƙara kamar ƙararrawar keke daga nesa, sannan murya ta fito.

Tsohuwa ce. Muryar siririya, a natse, tana jan kalmomi kamar mai magana da wanda ba ya ji sosai. Ta yi tari a tsakiya, ta ci gaba. A ƙarshe ta yi 'yar dariya, gajeriya, sai shiru. Mai gadi tuni ya kai hawa na biyu. Hajiya ba ta motsa ba, carbin ya tsaya a hannunta.

"Waccan ce," ta ce, ta nuna da haɓa. "Farar, ta gefen taga."

Wata farar na'ura ce mai naɗewa, wadda na ciro daga jakar saƙa ta ulu. An saita mata agogon tashi, aka haɗa shi da muryar da aka ɗauka. Agogon yana kan lokacin Japan, inda a sa'ar duhu ya fara shiga. Batirinta ya mutu wata da watanni a kwali, ni na ba ta wuta ta farka ta ci gaba da aikinta. Na ce alhamdu lillahi, abin ya zo da sauƙi, na kai yatsa wurin gogewa.

"Dakata," in ji Hajiya. "Ka san me ta ce?"

"Hajiya, dokar sana'ar ke nan. Ba a leƙawa."

"Ai ba leƙawa ka yi ba, ita ta yi magana. Mutum ya yi maka magana ka toshe masa baki ba ka ji me yake so ba?"

Na nemo inda muryar take na sake kunnawa, na ɗauka a waya na tura wa Nadim. Ba a jima ba ya kira, ya ce ga matarsa, Madam Keiko. Ba mu taɓa magana da ita ba. Ta gaishe ni da Turancinta a hankali, ta tambaye ni daga ina na samo wannan. Na gaya mata. Sannan ta fassara.

"Tana cewa: Baban yara, yamma ta yi. Ka kashe gas. Ka sha farin maganin, ba jan ba. Kada ka fita nemana, ina asibiti, sun ce na kusa dawowa. Ka zauna ka jira ni."

Hajiya ta ce, "Allah Sarki." Ta karɓi na'urar daga hannuna, ta ce in buɗe mata wurin hotuna. Tunda an riga an karya doka, na buɗe. Hotuna ne ba iyaka, kuma duk abu ɗaya ne: ƙofar gida daga ciki, a rufe, da takalman mace a jere a gabanta. Muna ta turawa. Hasken da ke shigowa ta gilashin ƙofar yana sauyawa, wani fari, wani ja, wani duhu, wata rana ga lema a jingine, wata rana ga rigar sanyi a rataye, amma ƙofar da takalman ba sa motsi. Shekaru ne a wurin. A hoto na ƙarshe ƙofar a buɗe take, ba kowa a bakinta.

"Zafi ne ya sa ya buɗe," in ji Hajiya, ba tare da na tambaye ta ba. Ta rufe na'urar ta mayar da ita jakar ulun.

Na nuna wa mai gadi abin da ke magana, ya gyaɗa kai, maganar 'yan sanda ta mutu. Amma labarin ya riga ya fita. Daga mai jakunkuna zuwa 'yan kago, daga 'yan kago zuwa wayoyin 'yan kasuwa a Kano. Kafin mako ya zagayo an ce Sabi'u na Al Sabkha kayan matattu yake sayarwa, har suna kiran mutane da rana tsaka. Waɗanda suka yi ta damuna da kira suka daina ɗauka. Wani ya ce shi ba zai kai wa 'ya'yan mutane aljanun Japan ba. Alhaji Mudi ya kira ni daga gida, muryarsa ta fi kullum sanyi.

"Na ce maka kada ka leƙa."

"Alhaji, ita ta fara."

"To ka goge yau, ka ce wa mutane rediyo ce. Ka bar wa Allah sauran."

Hajiya kuwa ta kafe. Ta ce muryar uwar wani ce, ƙila ita kaɗai ta rage a duniya, ba ni da hurumin kashe ta sai mai ita ya sani. Madam Keiko ta goyi bayanta. Akwai lamba a jikin kwalin, ta bi ta har kamfanin da ya kwashe gidan. Suka ce ba sa ba da lambar kowa, amma za su isar da saƙo ga ɗan mamacin. Muka zauna jira. Kaya na sito, ba mai saye, ranar lasisi na matsowa. Na kashe na'urar na sa a aljihun tebur, amma Hajiya in lokacin ya yi sai ta ce in kunna, kada tsohuwar ta yi magana a cikin duhu. Haka muke zama mu biyu a shago, a yi ƙararrawa, a yi tari, a yi 'yar dariyar. Mai gadi har ya bar aikin bai ƙara zuwa hawa na uku tsakanin azahar da la'asar ba.

Ɗan ya amsa bayan makonni. Ya ce ba ya son a turo masa komai, amma yana so ya ji sau ɗaya, a lokacinta. Madam Keiko ta haɗa mu a kiran bidiyo. Mutum ne mai furfura, sa'ana ko ya girme ni, yana zaune a mota a ajiye, da takunkumi. Ya sunkuyar da kai ya gaishe mu, muka amsa. Na ɗora farar na'urar a gaban waya. Muka jira har ƙararrawar ta buga.

Ya saurara ido a rufe. Da ta yi dariyar nan ta ƙarshe, ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Sannan ya yi magana, Madam Keiko na fassarawa. Mahaifiyarsa ta ɗauki muryar ne daren da za a kwantar da ita, don mahaifinsa ya fara mantuwa. Ba ta dawo ba, shekaru da yawa ke nan. Duk lokacin da aka gaya wa tsohon ta rasu sai ya yi kuka kamar yau ya fara ji, washegari ya manta ya tambaya kuma. Sai suka daina gaya masa. Ya ƙi barin gidan, ya ce an ce ya jira. Shi ɗan yana wani gari mai nisa, yana kira a waya. A Agustan bara aka same shi ya rasu, zaune a dakalin da ake sa takalmi, a bakin ƙofa, ya sa takalmansa ya ɗaure.

Na ce a gaya masa ko ta jirgi zan aika masa da ita, ba sai ya biya komai ba. Ya girgiza kai.

"Ya ce ka goge," in ji Madam Keiko. "Ya ce ta gama aikinta. Ya ce kada ta ƙara sa wani jira."

Na ɗauki na'urar a gabansa, na sauka layukan da Alhaji ya koya mini, na danna da'ira. Wani ɗan layi ya fara cika a fuskarta. Kafin ya cika mutumin ya sake magana.

"Yana tambaya, ina za a kai ta? Gidan da za ta je, akwai mutane?"

Hajiya ta janyo wayar gabanta, ta gyara mayafi. "Ki ce masa gidana za ta. Jikoki ne fal, da na maƙwabta, da na 'yan uwa. Ko ni mai gidan ba na samun wurin zama."

Aka fassara. Ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa sitiyari, ya daɗe a haka, sannan kiran ya ƙare.

Hajiya ta kwashe kayan Satumban gaba ɗaya, aka saka a kago. Da aka samu jirgin kwaso mutane ta koma gida, ta zauna a shagonta ta ba kowa labarin yadda yake, ta ce farar tana gidanta a hannun jikokinta, wanda ke tsoro ya zo ya gani. Kafin babbar sallah ba ko ɗaya a hannunta, waɗanda suka daina ɗaukar wayata suka dawo suna tambaya ko da saura. Na sabunta lasisi.

Bayan sallar ta turo mini bidiyo daga tsakar gidanta. Yara sun yi cincirindo a kan tabarma, ana ta ƙwace farar na'urar, wannan na kuka, wancan na rantsuwa layinsa ne, wata uwa na daka musu tsawa daga kicin, akuya na ratsawa ta tsakiyarsu. Ko fuskar na'urar ba a gani don kawuna. Na tura wa Madam Keiko, ita kuma ta tura wa ɗan. Amsarsa ta zo washegari, ta fassara mini ita a layi ɗaya.

"Ya ce, suna da surutu ƙwarai. Ya ce ya gode."